Ki Kira Sunana

Shafi na 31

Assalamu alaikum, mutanen gidana.

Na ga saƙonninku kaf, har da na masu zagi. Wata ta ce da gangan nake ja muku rai. Wata kuma ta rantse in Iliyasu bai shirya da mahaifiyarsa a shafin nan ba, ficewa za ta yi daga group. 'Yar'uwa, ƙofa ba a kulle take ba, amma ki daure ki karanta tukuna. Jiya double shift na yi, na dawo ko hijabi ban cire ba barci ya kwashe ni a kan kujera.

Waɗanda suka shigo jiya da yau suna ta tambaya, ga inda muke. Iliyasu shi ne ɗan farin Hajiya Bebi, kuma sunan surukinta ya ci. Tun da ta haife shi ba wanda ya taɓa jin sunan a bakinta, kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Rabonsa da gidansu na unguwar Sedgefield, can ƙasar Turawa, tun rasuwar mahaifinsu. Yanzu ya samu aiki a Montreal, can wata ƙasa, sai ya ce wa ƙanwarsa Salwa ta kawo masa Mama gidan abincin da yake gasa burodi, yana da magana.

To, ku gyara zama.

*

Tun safe ake yayyafi, irin wanda ba ka jin saukarsa sai dai ka ga ka jiƙe. Salwa ta faka motar a gaban Chez Celina ta kashe, amma Mama ko motsi ba ta yi ba. Carbi na hannunta, ba ta ja.

"Mama, mun iso."

"Nan ne?"

"Nan ne."

Mama ta leƙa ta gilashi. Ɗan ƙaramin shago ne mai shuɗiyar ƙofa, an jera dogayen burodi a taga. Wata Baturiya na zaune ƙarƙashin rumfa da karenta, tana gutsura masa abin da take ci.

"Har da karnuka ake ci a nan?"

"A waje suke tsayawa, Mama."

"Allah ya kyauta."

Leshinta ruwan toka ta saka, wanda rabonsa da fitowa daga akwati tun Alhaji na da rai. Har kwalli ta zizara. Salwa ta lura tun a gida amma ta kama bakinta, don ta san in ta tanka, Mama komawa za ta yi ta cire.

"Salwa."

"Na'am."

Mama ta dube ta. Ta buɗe baki, ta rufe.

"Ba komai. Mu je."

Suna tura ƙofa ƙamshin man shanu da sabon burodi ya tare su. Wurin a cike yake da mutanen ranar Lahadi, waɗanda suka taso daga coci da waɗanda daga gani ko wanka ba su yi ba. Wani dattijo mai furfura ya zagayo daga bayan kantar shagon yana goge hannu. Hamidou ke nan, mutumin Damagaram. Shi da matarsa Celina ke da wurin, kuma shi ya koya wa Iliyasu kwaɓin fulawa tun yana musu wanke-wanke.

"Bienvenue, Hajiya! Lale marhabin. Kun zo lahiya? Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara," in ji Mama.

"Voilà, ga table ɗinku can jikin taga, tun da sahe ya hana kowa zama. Bari in kira muku..."

Sai ya katse. Mutumin gida ne, ya san ba a danƙara wa uwa sunan ɗan farinta a fuska. Ya yi murmushi ya shafa gemu.

"Bari in kira muku mutumin."

Mama ta bi bakinsa da kallo har ya rufe shi. Sannan ta sunkuyar da kai ta bi bayan Salwa.

Ba su daɗe da zama ba Iliyasu ya fito. Tsawo ya ƙara ko rama ce, Salwa ta kasa tantancewa. Gari a damtsensa, tabon ƙuna a wuyan hannu, farar rigar aiki a jikinsa an ɗinka "Eli" a ƙirji da jan zare, don haka Turawan wurin ke kiransa. Bai damu da idon mutane ba, ya durƙusa har ƙasa a gefen kujerarta.

"Ina wuni, Mama."

"Lafiya lau. An wuni lafiya? Ya aiki?"

"Alhamdulillah."

"Madalla."

Shi ke nan fa. Duk tsawon rabuwar nan, gaisuwar ke nan, sai ka ce ta gamu da ɗan maƙwabta a hanya. Ba ta kalli fuskarsa ba. Ƙirjinsa ta ƙura wa ido, har sai da ya duba ko wani abu ne ya zube masa.

Da kansa ya yi ta jigilar abinci, ya hana kowa taɓa tiren. Wainar ƙwai da alayyahu da cuku. Gasasshen kifi da dankali da lemon tsami. Dogon burodin nan da suke ce wa baguette, da zafinsa. Shayi a buta. Da ya gama jerawa ya ja kujera ya zauna yana fuskantarta.

"Babu giya, babu alade," ya ce. "Kaskon ma nawa ne na kaina, ba a taɓa soya komai nasu a ciki ba."

Mama ta yi bismillah ta gutsuri burodin. Ɓawon ya yi ƙaras, tururi ya fito. Ba ta bi ta kan wuƙa da man shanun da aka ajiye mata ba, ta tsoma a shayi yadda ta saba a gida. Ta tauna a hankali. Ta ƙara gutsura.

"Salwa, ce wa yayanki burodin ya yi daɗi. Ce masa Allah ya yi albarka."

Salwa ta runtse ido. Ta san an zo wurin.

"Ga ni a zaune, Mama," in ji Iliyasu. "Tebur ɗaya muke. I can hear you."

"Yaya, please. Ba a nan ba."

"A ina to? A gida? Gidan da sunana 'wancan'?"

Mama ta ajiye burodin.

"Ina ƙarami kuka baro ni Funtua wajen Kaka," ya ce, murya ƙasa-ƙasa don kar na kusa su juyo. "Ban riƙe ku da wannan ba, na san wahala ce ta sa. Ranar da na sauka a airport da gudu na taho. Baba ya ɗaga ni sama. Ke kika karɓi jakata, kika ce masa, 'Ya rame.' Shi kika gaya wa. Ni ko kallo ban samu ba."

"Kunya ce, Yaya. Ka sani. It's our culture."

"Kar ki koya mini. Ke a nan aka haife ki, ni a cikinta na tashi."

Ya juya ga Mama.

"A Funtua kunyar nan tana da inda ta jingina. Uwa ta kau da kai, kaka ta ɗauke ka, goggo ta goya ka, matan gida su yi ta maka wasa. Ba ka ma sanin an kau da kai. Nan fa? Kun ɗauko kunyar kun sako a akwati, kun baro Kaka a can. Ina zaune a falo ina kallo ana yi wa Rahama kitso ana ce mata 'yar auta 'yar lele. Ana rungume ki a bakin school bus. Ni wa aka bar mini?"

Jama'a, ni kaina da nake rubutawa, a nan sai da na ajiye wayar na sha ruwa. Masu cewa Iliyasu ba shi da tarbiyya, ku nuna mini inda ya yi ƙarya.

"Ranar da Baba ya cika," ya ci gaba, "a asibiti. Kin rungume Salwa da hannu ɗaya, Rahama da ɗayan. Ina tsaye jikin bango. Nas ta zo ta dafa ni ta ce, 'Sir, are you family?'"

Muryarsa ta karye. Ya jira ta dawo.

"Na kalle ki, Mama. Na jira ki ce ɗana ne. Kika sunkuyar da kai."

Hawaye ya gangaro wa Mama, ya jawo kwallin har gefen hancinta. Ba ta share ba.

"Ranar Alhamis zan tafi Montreal. In na tafi na tafi, ba zan yi muku ƙaryar zan dinga zuwa sallah ba. Hamidou ya ce in na fasa, wurina na nan. Ba na neman ki ce kina sona. Ba na neman runguma, na wuce nan. Abu ɗaya kawai."

Ya ɗora hannayensa a kan tebur.

"Ki kalle ni ki kira sunana. Sau ɗaya, Mama. Wallahi in kin kira, yau a gida zan kwana."

Mama ta ɗago kai. Idonta ya hau har ƙirjinsa, ya tsaya a nan. 



Shiru.

Shiru.

"Eli!" Muryar Hamidou ce daga kicin. "Le four, mon fils! Zai ƙone!"

Iliyasu ya gyaɗa kai a hankali, kamar dama abin da ya zata ke nan. Ya miƙe.

"Burodina na wuta. In na fitar da shi na tashi daga aiki. Zan biyo ta nan kafin in wuce."

Yana shigewa Salwa ta juyo. Ranta ya ɓaci, ɓacin da ba ta taɓa nuna wa Mama irinsa ba.

"Mama, don girman Allah! Suna ne fa kawai. Kakan da aka sa masa sunansa ya rasu. Baba ya rasu. Babu kowa a nan sai Turawan da ba su san me muke cewa ba. Wa kike jin kunya? Who?"

Mama ta kalli ƙofar kicin.

"Za ki zauna ki bari ya tafi a kan wannan? Wallahi in ya tafi ni ma ba zan..."

"Matso."

"Mama, ki bari in gama."

"Na ce matso."

Salwa ta ja kujera. Mama ta kamo gefen mayafinta, ta kai baki saitin kunnenta. Hannunta sanyi ƙalau.

"Salwa... me ma sunansa?"

Salwa ta yi dariya. Wallahi dariya ta yi, irin wadda ke kuɓuce wa mutum in ya ji abin da kansa ya ƙi ɗauka.

"Mama, wasa kike?"

"Na yi miki kama da mai wasa?"

Dariyar ta mutu.

"Tun kafin azumi nake nemansa," in ji Mama. "Kuna cewa ban taɓa faɗa ba. Ina faɗa. Kullum ina faɗa in na kai goshina ƙasa. Shi nake fara kira, kafin ke, kafin Rahama. Allah kaɗai ya taɓa jin sunan nan a bakina, kuma na ɗauka ya isa."

Ta ƙara riƙe mayafin Salwa.

"Wata asuba na yi sujada, na zo wurin, na tarar wayam. Na ce gajiya ce. Azahar ta yi, babu. La'asar, babu. Yanzu sai dai in ce, Ya Allah, babban nan, ka san shi."

"Me ya sa ba ki tambaye ni ba?"

"In ce me? Uwa ta tambayi sunan ɗan da ta haifa? A gida kowa Yaya yake cewa. A wayata ma Babba kika sa mini, ni na ce ki sa haka. Ɗazu a mota na so in tambaye ki, bakina ya ƙi. Na sa rai mai gidan nan zai faɗa, shi ma ya yi mini kara. Na duba ƙirjinsa ko an rubuta, na ga wani abu. Shi ne?"

"Ba shi ba ne, Mama."

"Na san ba shi ba ne. In na ji shi zan gane shi."

Nan take abubuwa suka fara dawo wa Salwa ɗaya bayan ɗaya. Tukunyar miyar da ta ƙone ƙurmus Mama na zaune a falo. Ranar Juma'ar da ta fita masallaci, ba a same ta ba sai can Summerfield, bayan gari, ta faka mota a gefen wata gonar dawaki, ta ce ta daɗe a zaune ba ta san ina ne ba. Bayan nan ne Salwa ta kai ta wajen likita.

Likitar ta yi ta tambayoyi, Salwa na fassarawa. Wace shekara muke, wane gari ne nan. Sannan ta ce, "Can you name your children for me?"

Mama ta ce, "Salwa. Rahama."

Ta tsaya a nan.

Likitar ta ce ai uku ne. Salwa ta yi caraf ta karɓe, tana dariya, da Turancinta mai kyau. Ta ce ai a al'adarmu uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, girmamawa ce, ba mantuwa ba ce. Likitar ta dafa ƙirji ta ce, "Oh, how beautiful." Ta wuce tambaya ta gaba. A ƙarshe ta ce baƙin cikin rashin miji ne da ƙarancin barci, a dinga hutawa.

Salwa ta ji kamar ta zube a ƙasa ta yi ta ihu. Da bakinta ta lulluɓe ciwon uwarta, har tana jin daɗin ta wayar wa Baturiya kai. Kuma Mama na zaune a gefenta ranar, tana ji, ba ta ce uffan ba.

"Bari in je in gaya masa."

Mama ta damƙe hannunta.

"Ban yafe ba."

"Mama, he needs to know! In ya san ciwo ne ba zai..."

"Na ce ban yafe ba. Gara ya tafi yana cewa na ƙi, da ya zauna ya san na manta."

"Ba laifinki ba ne."

"Ba laifi nake gudu ba. Wanda aka ƙi kira ya san yana nan a ciki, ɓoye shi ake. Wanda aka manta fa? Ki je ki ce wa yaron nan duk cikin 'ya'yana shi ne ya fara fita daga kaina? Bayan duk abin da ya faɗa yanzu? Ki ce wallahi ba za ki gaya masa ba."

"Mama..."

"Ki ce."

"Wallahi," in ji Salwa, tana kuka.

Mama ta saki ajiyar zuciya. Ta sa gefen mayafi ta goge kwallin da ya ɓata mata fuska, ta gyara ɗaurin ɗankwali.

"To, yanzu faɗa mini. Yau zan kira shi. Da niyyar haka na fito."

Salwa ta kai baki kunnenta.

"Iliyasu."

Mama ta lumshe ido. Fuskarta ta saki gabaɗaya, kamar wadda aka miƙo wa ruwa bayan doguwar ƙishirwa.

"Iliyasu," ta ce a hankali. "Eh. Shi ne. Iliyasuna."

Tun da Salwa ta zo duniya ba ta taɓa jin sa a bakin Mama ba. Ashe har wani ja take yi masa a ƙarshe, wanda ba wanda ke yi.

Mama ta ɗauki carbinta. Duk ƙwayar da ta ja, sai ta faɗa. Iliyasu. Iliyasu. Iliyasu. Tana riƙe da shi kamar mai ɗauke da kwano cike da mai a cikin kasuwa.

Ku kuwa kun san duniya ba ta tsayawa don wani.

Celina ta fito daga kicin da kek an soka masa kyandir, ta nufi teburin da ke manne da nasu. Gaba ɗaya dangin da ke teburin suka miƙe da tafi da waƙa, suna buga tebur suna kiran mai bikin. "Justin! Justin! Justin!" Mama ta firgita ta juya. Wata tsohuwa a cikinsu ta ga baƙuwa na kallo, ta yanko kek ta ɗora a faranti ta miƙo mata da murmushi. Mama ba ta iya mayar da hannun kyauta ba. Ta ajiye carbin, ta karɓa da hannu biyu.

"Thank you. God bless."

Tana juyowa, ga Iliyasu tsaye.

Ya cire rigar aiki. Baƙar jaket ce a jikinsa da hula, jaka a kafaɗa, makullin mota a hannu.

"Zan wuce, Mama."

Mama ta miƙe. Ta ajiye farantin. Ta miƙa hannu ta kama wuyan hannunsa, daidai kan tabon ƙunar.

Iliyasu ya sandare. Bai san rabon da hannunta ya taɓa fatarsa ba.

Ta ɗago kai. Wannan karon ba ta tsaya a ƙirji ba, ta kalle shi cikin ido. Shi ma ya kalle ta. Ƙaton mutum mai gemu, amma wallahi a lokacin yaron airport ɗin nan ne tsaye.

Mama ta buɗe baki.

Leɓenta ya motsa.

Ya sake motsawa.

Salwa ta ga lokacin da tsoro ya shiga idon Mama. Ta ga tana lalube, tana lalube. Sai Mama ta juyo da kai, a ruɗe, tana neman agaji.

"Salwa..."

Iliyasu ya rufe ido.

"Iliyasu, Mama," Salwa ta raɗa da sauri. "Ki ce Iliyasu."

"Kar ki ɗora mata," ya ce. "Ba karatu ake biya mata ba. Ko yanzu ta faɗa, naki ne, ba nata ba."

Ya sa ɗayan hannunsa ya zare yatsunta daga jikinsa, a hankali, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsoron kar ya ji mata ciwo.

"Na ji, Mama. Kin riƙe hannuna, kin kalle ni, kin kira Salwa. Na gode da kika zo. Allah ya ƙara lafiya."

Ya juya.

Hamidou na bayan kanta da tire a hannu, ya kasa gaba ya kasa baya. Teburin su Justin ma sun yi tsit, ba su ji Hausa ba amma sun ga fuska.

"Yaya, tsaya!" Salwa ta miƙe, kujera ta faɗi. "Akwai abin da ba ka sani ba!"

Farcen Mama ya nutse a hannunta.

"Kin rantse," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ban yafe ba, Salwa."

Iliyasu ya riga ya kama ƙofa. Ya tsaya. Ya juyo, hawaye na bin gemunsa, bai ko damu ya share ba.

"Mene ne ban sani ba?"

Salwa ta kalle shi. Ta kalli Mama. Ta buɗe baki, rantsuwar ta hana ta magana.

"Ina jin ki, Salwa. Talk."

Ba ta san tsawon lokacin da suka ɗauka a haka ba. Abin da ta sani shi ne riƙon Mama ya fara sassautawa. Yatsun suka saki. Mama ta ɗaga kai ta kalli fitilun da ke rataye, ta kalli kantar shagon, ta kalli Turawan da ke kallonta, kamar yanzu aka shigo da ita.

"Salwa, ina ne nan?"

"Mama..."

Sai idonta ya sauka a bakin ƙofa. Ta ja mayafi ta rufe kafaɗa, yadda take yi a gaban baƙon namiji. Ta yi magana a fili, cikin tausayi, kowane harafi ya isa kunnensa.

"Wancan bawan Allahn fa? Rasuwa aka yi masa ne, yake kuka haka?"